Aikin Dare a Nha Trang

Ƙarfe biyu na dare. Teku na tari a bayan gilashi.
Ni kaɗai ce a teburin karɓar baƙi,
ni da ƙararrawar tagulla da ba mai taɓawa,
da littafina mai koren bango
da na ɓoye ƙarƙashin rajista.

Madam Diệp ta ce mini ran da na fara:
"Quyên, murmushi ya riga magana fita.
Katin ɗaki da hannu biyu ake miƙa shi.
Kada ki nuna hanya da yatsa, buɗe tafinki.
Kada ki ce ban sani ba, ce bari in bincika.
In baƙo ya ɗaga murya, ki sauke taki,
ruwa ba ya kokawa da dutse, zagaye shi yake yi."
Na rubuta duka. Na ja layi a ƙarƙashin na ƙarshe.

Turanci dai shi ne ƙayar.
Harshenmu hawa da sauka ne, gaɓa ɗaya murya shida,
amma bai saba riƙe wutsiyar kalma ba.
Nasu kuwa, rabin ma'ana a wutsiya take:
ka haɗiye ta, jiya ta koma yau,
tawul uku su koma ɗaya.
Na taɓa aika shinkafa ɗaki na ɗari huɗu da tara
alhali ƙanƙara mutumin ya nema.
Thạch mai ɗaukar jakunkuna ya yi mako yana dariya,
har yau in ya ga tukunya sai ya dube ni.

Uwata kifi take sayarwa a kasuwar Đầm.
Ba ta san harafi ɗaya na wannan harshe ba,
amma daga takun mutum tana gane
ko saye ya zo, ko tayi, ko neman inuwa.
Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba.

Biyu da rabi, lifta ta buɗe baki.
Wani dattijo ɗan Koriya, silifas ɗin otal a ƙafa,
maɓallin riga ya shiga ramin da ba nasa ba.
Na miƙe, na jero gaisuwar shafi na uku,
ya dube ni kamar na yi masa magana daga ƙarƙashin ruwa.
Ya ce, "Mata."
Ya ɗora hannu a goshi. Ya ce, "Zafi."
Sai ya tsaya, yana laluben aljihun kansa,
babu sauran kalma.

Ashe shi ma aro ya yi.
An ce kayan aro ba ya rufe katara,
to ga mu nan mu biyu, kowa da guntun zanensa.

Na rufe littafin.
Na ce, "Likita." Na nuna agogo. "Minti ashirin."
Na ce, "Zauna." Na tura masa ruwa mai ɗumi.
Na bugi asibiti da harshen uwata,
na tashi Thạch ya hau sama da ƙanƙara a tawul,
ƙanƙara fa, ba shinkafa ba,
na roƙi kicin su dama kunun shinkafa da citta.
Hannunsa na rawa a kan kofi.
Ban ce komai ba. Ba na jin akwai shafin wannan.

Da asuba ya sauko, maɓallai sun koma gidajensu.
Ya sunkuya. Na sunkuya.
Ya ce, "Barci. Tana barci."

Ƙarfe shida na miƙa rajista ga mai karɓata,
na rubuta lambar ɗakin, da sunan likita, da lokacin magani,
na hau babur ɗina, na bi bakin teku.
Kwale-kwalen masunta na dawowa.
Cikin hular kwano, inda ba mai ji,
ina ta maimaita kalmomin jiya,
ina cije wutsiyar kowace ɗaya
kafin in sake ta.